Sabon kulocin fanka a tsohuwar jif: sharhina bayan amfani

Motata Toyota 4Runner ce ta shekarar 1999, mai injin V6 lita 3.4. A buɗaɗɗen titi lafiya lau take, allurar zafi tana tsakiya ba ta motsi. Amma da zarar an shiga cunkoso, ko na tsaya da esi a kunne, sai allura ta fara hawa, iskar esin ma ta koma ɗumi. Wannan bambancin shi ya nuna mini inda ciwon yake. Idan mota na gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto. Idan ta tsaya, aikin ya koma wuyan fanka. Tunda zafin a tsaye yake zuwa, fankar ce ba ta jan iska yadda ya kamata.

Fankar irin waɗannan motoci ba ta lantarki ba ce, bel ne ke juya ta, kuma tsakaninta da fuli, wato farantin da bel ke juyawa, akwai wani kuloci mai fiffike-fiffike na alminiyam. A cikinsa man silikon ne mai kauri, a goshinsa kuma akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe da ke miƙewa idan iska mai zafi daga lagireto ta buge shi. Miƙewar nan ke buɗe ƙofa, man ya kwarara, fanka ta kama da ƙarfi. In iskar ta huce, sai ta saki. Shekaru suna tafiya, man yana tsiyayewa ko ya rasa kaurinsa, sai fanka ta riƙa juyi a ido amma babu iska. Tsohon kulocina ya yi hidimarsa fiye da shekara ashirin, ba ni da ƙorafi a kansa. Don in tabbatar, na kashe injin yana da zafi, na tura fankar da hannu, sai ta yi ta juyawa sakaka, ga baƙin maiƙo da ƙura sun daskare a jikin kulocin.

Na sayi na kamfanin Aisin, wanda dama yana cikin masu ƙera wa Toyota kayan mota. Tun daga kwali na ji bambanci: in ka murɗa shi da hannu, yana da tauri mai santsi, babu girgiɗi ko kaɗan.

Ɗaurawa ba ta da wahala, haƙuri take so. A wannan injin noti huɗu ne ke riƙe kulocin da fuli, wasu huɗu kuma ke riƙe fankar da kulocin. Gara a sassauta notunan tun bel yana ɗaure, don shi ke hana fulin juyawa. Wurin da ya fi neman natsuwa shi ne lokacin zaro fankar tare da murfin robar da ke kewaye da ita, domin ƙwayoyin lagireto laushi gare su, ƙaramin karo ya isa ya huda su. Na sa kwali a tsakani. Masu wasu motocin su lura, akwai kulocin da babban noti ɗaya ke riƙe shi, kuma wani zarensa na hagu ne. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Tunda fankar na hannuna, na duba gindin kowane fiffike ko ya tsage, na kuma girgiza fulin don jin lafiyar boris.

Sakamakon ya gamsar da ni ƙwarai. Yanzu allura ba ta gusawa ko a cunkoson tsakar rana, esi kuma yana sanyi ko mota na tsaye. Abin da ba kowa zai so ba shi ne ƙara. Da safe in an tayar da injin, fanka takan yi ruri na ɗan lokaci kafin man ya koma mazauninsa ta yi shiru. Haka ma a hawan tudu da kaya, za ka ji ta kama, motar ta ɗan yi nauyi a ƙafa. Ni kam wannan rurin daɗinsa nake ji, domin shaida ce cewa kulocin yana aiki. Wanda ya kamata ya tayar da hankali shi ne rurin da ba ya yankewa, alamar kuloci ya cije.

A nan ne na saɓa da masu ba da shawarar a ɗaure fankar da ƙusa ko walda ta riƙa juyi tare da injin kullum. Zafi zai sauka, gaskiya ne, amma shan mai zai ƙaru, boris da bel su sha wuya, fiffiken roba kuma yana iya tarwatsewa a gudu ya fasa lagireto. Kuma kada a ɗora wa kulocin abin da ba nasa ba: motar da ke zafi a kan babban titi tana gudu, sai a nemi matsalarta a lagireton da ya toshe, ko tamostat mai buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, ko famfon ruwa.