Birkin da na sauya wa tsohuwar MG ɗin mahaifinmu

Wata takwas ke nan da sauya wa motar nan birki. Na je Argungu da ita sau uku, Jega kuwa ban san adadi ba, ta sha zafin bazara ta kuma sha ƙurar hunturu, don haka yanzu ina ganin ina da bakin magana.

MGB ce ƙirar 1969, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1962 zuwa 1980. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. Sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan kafin 1972, shekarar da aka koma bin hannun dama a titi. Ta yi shekaru da yawa jibge a bayan gidanmu a Birnin Kebbi, kaji na saka ƙwai a kan kujerunta. Shekara biyu muka yi muna tada ta: inji, bodi, fenti, wayoyi. Birki ne kawai na raina. An zuba mai, an cire iska, na taka ya kama, na ce ai magana ta ƙare.

A Kalgo na gane kurena. Wani mai amalanke ya ratso titi da buhunan albasa, na taka birki, ƙafata ta zarce har ƙasa kamar na taka auduga. Da birkin hannu da sauke giya na samu ta tsaya, hancinta na shinshinar buhu. Da muka leƙa ƙarƙashi, bututun mai na baya ne tsatsa ta cinye ya fashe. A nan na fahimci abin da ban sani ba: masta ɗin da ta zo da shi, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka feda, layi ɗaya ne. Mai guda ke zuwa tayoyi huɗu, in ya tsiyaye a wuri ɗaya, duka huɗun sun tafi.

Da na shiga neman kaya sai idona ya raina fata, abin da ake talla ya fi ƙarfin lissafi. Akwai manyan kalifa, wato abin da ke matse takalman birki a jikin faifan taya, masu fistin huɗu, ja wur, ga faifai mai huji-huji. Akwai na mayar da gangar birkin baya ta koma faifai. Raina ya biya sosai, ba zan ɓoye ba. Na kai wa bakanikena hotunan a waya, dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin Fijo 404. Ya juya wayar, ya miƙo mini.

"Alhaji, wagga mota tseren mi za ta yi? Daga gida sai masallacin Juma'a sai gidan biki. Birkin da anka yi mata ya ishe ta, tsufa na yac cinye shi. Gyara abin da ka iya kashe ka, bar abin da ka burge yara."

Na ce, "Baba, ai kwalliya ma aiki ce." Dariya kawai ya yi.

Da na natsu na ga gaskiyarsa. Motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya ba, tana da faifai a gaba da ganga a baya tun daga masana'anta. Wasu manyan kalifan ma ba sa shiga cikin wilinta na inci 14, sai an sayi wasu wilin. Faifan baya kuwa, in ƙarfinsa ya rinjayi na gaba, baya ce za ta fara kullewa, motar ta juya da kai a kan yashi, ga shi titunanmu ba sa rabo da yashi a gefe.

Abin da na saya daga wani dillalin kayan tsofaffin motoci a Ingila, ta hannun ɗan yayata da ke karatu can: masta mai layi biyu haɗe da sabo (servo, abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in ka taka birki), irin wanda aka sa wa motocin a ƙarshen shekarun 1970, da bututu na jan ƙarfe gauraye da nikel wanda ba ya tsatsa, da tiyo uku masu saƙar ƙarfe, da takalman birki na gaba da na baya, da silindojin tayoyin baya.

Kayan masu kyau ne, amma dillalin ya ba ni haushi. Ba takardar bayani ko ɗaya a kwalin, kuma babu ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa cikin sabo. Na rubuta masa, sai bayan sati biyu ya amsa, ya ce wai wannan daban ake saye. Wata guda motar na kan jak saboda abin da bai kai girman babban yatsa ba. Ga kuɗin jirgi da na kwastan da suka kusa kamo kuɗin kayan. Sannan duk wanda zai taɓa motar Ingila ta wancan zamani ya tanadi sifana na inci. Yaron gareji ya ɗora lamba 13 a kan noti mai rabin inci, wato milimita 12.7, ya murɗa da ƙarfi, ya share masa kusurwa tas. Yini guda muka yi a kan noti ɗaya.

Masta mai layi biyu shi ne kuɗin da ban yi da-na-sanin kashewa ba. Ba ka jin bambancinsa a ƙafa, ba ka ganinsa in ba ka buɗe bonet ba. Amma Baba ya gwada mini a gareji: ya kwance na baya mai ya zuba, na taka, feda ya yi ƙasa sosai amma gaba ta kama. Abin da na rasa a Kalgo ke nan. Tiyo masu saƙar ƙarfe su ma sun yi rana, feda ya daina wannan laushin na burodi, don tsohuwar roba kumbura take yi in an matsa mata.

Sabo kuwa daɗi ne kawai. Yana amfani da zuƙar iskar inji ya rage maka wahalar takawa, gwiwata ta gode masa a cunkoson kasuwa. Na ɗauka zai rage tazarar tsayawa, sai muka gwada da sassafe a hanyar Argungu, ba kowa a titi. Agogonta da mil yake lissafi, na kai 40, wajen kilomita 64 ke nan, na taka daidai wata bishiyar darbejiya, yaron ya ajiye dutse inda na tsaya. Muka cire tiyon sabo muka toshe, na sake. Sai da na danna da ƙarfin gaske, amma kusan a kan dutsen nan na tsaya. Duka biyun tayoyin ne suka kulle suna ihu.

Sai Baba ya tsuguna ya goge gefen taya da yawu, ya nuna mini lambobi huɗu: 2309. Wato an ƙera ta a sati na 23, shekarar 2009. Zanensu raɗau kamar sababbi, amma roba ta bushe ta zama kamar ƙirgi. Na sa sababbi huɗu, 185/70 R14, muka koma gindin darbejiyar, sai ga shi na tsaya da saura tazarar da ta fi tsawon motar kafin dutsen. A Birnin Kebbi na saye su, ba jirgi ba kwastan.

Man birki DOT 4 na zaɓa. An yi mini tallan DOT 5 na silikon, wanda ba ya shan ruwa kuma ba ya cin fenti, amma ba a gauraya shi da sauran, kuma in ya ƙare maka a Bunza wa zai sayar maka? DOT 4 sabo yana jure zafi har digiri 230, sai dai yana tsotsar danshi, don haka duk shekara biyu a zubar a sa sabo. Ina yawo da gwangwani ɗaya a but, don kada wani mai taimako ya ɗura mini ruwan omo a hanya.

Abin da ya rage yana damuna shi ne takalman gaba. Suna kamawa da kyau in sun ɗumama, amma da hunturu ƙura ta shiga sai su dinga ƙara kamar ƙofar langa-langa, har maƙwabta sun san dawowata. Gangar baya kuma ba ta gyara kanta, akwai ɗan noti mai kusurwa huɗu a bayanta da ake ɗaurewa da hannu. Asabar mai zuwa zan kai wa Baba ita ya ɗaure, birkin hannu ya fara hawa sama da yawa.