Na samu taya 110/70-11, amma tauraro uku kawai zan ba su

Zan fara da abin da ya yi kyau, don kada a ce ban yi wa masu sayar da tayar da na saya a shafinsu adalci ba: suna da tayar. Wanda bai taɓa neman taya mai inci 11 ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Vespa LX nake hawa, tayar gaba 110/70-11, ta baya 120/70-10. Ta bayan ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ta gaban kuwa, sai da na yi mako uku ina yawo a kanta. Duk wanda na tambaya yana da inci 10, yana da 12, wani har da 13, amma da na ce 11 sai ya sake tambayata ko na karanta lambar daidai. Ita kuma tsohuwar ta cinye har zanen ya kusa ɓacewa, ga tsattsagewa ta fara fitowa a gefenta, kullum in na taka birki sai gabana ya faɗi. To ranar da na ga lambar a shafin wannan mai sayarwa, ga hoto, ga rubutu cewa akwai ta a ƙasa, ban tsaya dogon tunani ba na biya.

Kwana biyar kaya suka iso. Na kai wa mai gyarana ba tare da na kwance ledar ba, saboda a takardar da aka manna a jiki an rubuta 110/70-11 ɓaro-ɓaro. Ya riga ya cire ƙafar gaba, ya fitar da tsohuwar taya, sannan ya ɗora sabuwar a kan rim. Sai na ga ya tsaya. Ya juya ta, ya goge gefen da babban yatsa, ya ce, "Maigida, zo ka gani." A jikin robar kanta an rubuta 110/70-12. Tayar na zaune a kan rim ɗin tana lilo, har yatsa na shiga tsakaninsu.

Kuskure kowa na yi, kuma da a nan abin ya tsaya da ko ambatonsa ba zan yi ba. Amsar da aka ba ni ce ta ƙona min rai. Na tura hoton rubutun, na tura hoton takardar, wanda ke amsa saƙonni ya rubuto min cewa, "Yallaɓai, ai bambancin inci ɗaya ne kawai, a gwada hura mata iska za ta zauna." Na karanta saƙon nan ya fi sau uku. Mutumin da sana'arsa sayar da taya ce yake gaya min haka. Inci ɗaya milimita 25 ne da ɗan ɗori. Rim mai inci 11 faɗinsa kusan milimita 279 ne, mai inci 12 kuma kusan 305. A cikin leɓen taya akwai zoben waya ta ƙarfe, ba ya miƙewa kuma ba ya tsukewa, shi ne ke kama bakin rim ya riƙe iska a tayar da ba ta da tub. Idan bai kama ba babu iskar da za ta zauna. Kuma a ce wani ya ji maganarsa ya yi dabara ta zauna na ɗan lokaci, ƙafar gaba ce fa, wadda ke ɗauke da mafi yawan nauyin birki. Ran mutum ake magana a kai. Ina tunanin wanda bai san ma'anar lambobin nan ba, ya yarda da shi don ganin shi ne mai kaya.

Da na ƙi, sai ya kawo wata shawarar: suna da 120/70-11, ko zan karɓa? Wannan aƙalla za ta hau rim ɗin, don haka ban yi saurin cewa a'a ba. Muka zauna da mai gyara muka lissafa. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin. Wato 110/70 gefenta milimita 77, 120/70 kuma 84. Ta fi faɗi da milimita 10, ta fi tsayi da 7. A takarda ba wani abu ba ne, amma gaban wannan babur hannu ɗaya ne ke riƙe da ƙafar, kuma tazarar da ke tsakanin taya da ƙarfen ba ta da yawa. Ya sa ma'auni ya gwada, ya ce shi dai ba zai ɗaura ba. Na ce a aiko min abin da na biya.

Sai da na fara mayar da ta farkon ta isa hannunsu kafin su saki ta biyun. Kwana 16 babur na jingine a kan katako babu ƙafar gaba. Kuɗin mayarwa sun biya, wannan gaskiya ne, kuma ban roƙa ba, su suka turo takardar. Amma ba wanda ya ce min yi haƙuri, ko sau ɗaya.

Ta biyun da ta zo, ni da kaina na yage ledar tun a bakin ƙofa. 110/70-11, 45L. Daidai. 45 ɗin na nufin tana ɗaukar kilo 165, L kuma gudun kilomita 120 a awa, wanda ya wuce abin da babur ɗina ke iya yi. Na ji sanyi a raina. Ɗaurawa ce ta ɗan ba da wuya, don sun naɗe ta da leda da ƙarfi har leɓunan biyu sun haɗe da juna, iska na shiga tana fita. Mai gyara ya cusa guntayen katako uku a tsakani ya bar ta ta kwana ta buɗe. Washegari ya shafa ruwan sabulu a bakin, ya canja bawul, ya duba kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, ya hura. Muka ji ƙarar nan sau biyu, ɗas, ɗas, alamar ta zauna.

A kan titi kuwa ba ni da ƙorafi. Na bi ta a hankali a kilomita ɗarin farko kamar yadda ake yi wa sabuwar taya, daga nan na saki jiki. Karkarwar da kan babur ke yi ta tafi gaba ɗaya, kwana na shiga sumul, ruwa ya same ni a hanya sau biyu ban ji ta zame ba. A makon farko har na yi niyyar ba su tauraro huɗu in manta da abin da ya wuce.

Abin da ya hana ni, ranar da nake wanke babur ne idona ya kai kan lambobi huɗun da ke ƙarshen layin rubutun da ke farawa da haruffan DOT a gefen tayar: 2318. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An ƙera ta a mako na 23 na 2018, wato ta haura shekara shida a ajiye kafin ta zo hannuna. Na san dalili, girman da ba a cika saye ba dole ya daɗe a sito, kuma tayar da aka adana a inuwa nesa da zafi ba ta lalacewa da wuri. Na danna farce a jikinta, robar na da taushi, babu tsaga ko ɗaya. Amma masu ƙera taya da kansu suna cewa a canja ta idan ta kai shekara 10 daga ranar ƙira ko da zanenta na nan. Ni ba mai tafiya mai nisa ba ne, tayata tsufa ke kashe ta kafin ta cinye. Ke nan an sayar min da abin da ya riga ya ci fiye da rabin wa'adinsa a matsayin sabo fil, kuma babu inda aka rubuta haka a shafin. Da sun faɗa, wallahi da zan saya duk da haka, don ba ni da wani zaɓi, amma da na saya da sanina.

Na rubuta musu a kan wannan. Amsar ta zo bayan kwana huɗu, layi ɗaya: tayar ba a taɓa amfani da ita ba, don haka sabuwa ce. Tunawa da wancan saƙon na inci ɗaya ya sa ma ina ganin ukun da na bayar sun yi yawa. Idan girman nan kake nema kuma ka rasa ko'ina, suna da ita. Kafin ka biya ka ce su ɗauko tayar su turo maka hoton gefenta, lambar girma da lambar DOT duka su fito, na jikin robar ba na takardar da suka manna ba. Kuma kada ka bari a cire tsohuwar tayarka sai ka karanta sabuwar da idonka.