Hattara da mai sayar da zanen "ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Jos"

Jama'a, musamman mutanen Jos da Bukuru, akwai wani mutum da ke tallan zane a Facebook da WhatsApp. Ni dai ya damfare ni.

Hotunan fenti ne na ma'aikata a bakin wuta, hular kwano a ka, bayansu hayaƙi ya turnuƙe gari. Cewa yake wani Bature ne ya zana su da hannu a shekarun 1960 a kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, wai an tsince su a ɗakin ajiyar wani tsohon gida a Rayfield. Marigayi mahaifinmu a kamfanin nan ya yi aiki, to ina gani zuciyata ta karye. Ban yi shawara da kowa ba na tura dubu 40 kafin alƙalami, mai keke ya kawo, na cika dubu 45.

Da murnata na kai wa Kawu, wanda suka yi aiki tare da Baba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, nan ba Jos ba ne. Mu yaushe muka narka dutsen ƙarfe? Sanduna ake kawo mana daga kamfanin ƙarfe na Aladja, mu gasa su, mu mulmula su zama rodi. Wannan doguwar tanderun ta ina ta shigo?"

Ya ƙara da cewa shi kansa kamfanin sai zamanin Shagari aka buɗe shi, farkon shekarun 1980, tare da na Katsina da na Osogbo. A shekarun da mutumin ke faɗa, kuza ake narkawa a garin nan, a Makeri. Ashe Baturen nasa ya zana kamfanin da ko tubalinsa ba a aza ba!

Sai a lokacin na duba da kyau. Na kankare gefe da farce, babu kaurin fenti ko kaɗan. Bugun inji ne, irin na masu bana, in ka matsa da ido za ka ga ƙananan ɗige-ɗige. An shafe saman da banish don ya yi sheƙi, bayan kuma an jiƙa shi da wani abu mai kama da ruwan shayi don ya yi tsufa. Amma kusoshin sababbi fil. Ƙanena ya sa hoton a Google, cikin minti ɗaya ya fito: wata masana'anta ce a Amurka.

Na kira mai sayar da zanen, ya ce yana hanyar Abuja. Da yamma ya toshe lambata. Yanzu ya buɗe sabon shafi da wani suna, hotunan dai su ne. Za ku gane shi da abu uku: ba ya yarda a zo a gani, sunan asusun da yake bayarwa daban da nasa, kuma kullum akwai "wani Alhaji" da zai ɗauka in ba ka tura yau ba.

Zanen yana bayan kabad. Kawu ya ce in cire masa firem ɗin, zai sa hotonsu da Baba na ranar da aka ba su kayan aiki.