Kano zuwa Legas: Jirgin Sama ko Mota?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammed da ke Ikeja akwai tazarar kimanin kilomita 830, wadda jirgi ke cinyewa cikin kusan awa ɗaya da rabi. A ƙasa kuwa tafiyar ta kai kilomita 1,000 ko fiye, domin titi yana karkacewa ta Zariya da Kaduna, sannan ya biyo ta Jebba da Ilori ko ta Lokoja kafin ya isa Ibadan, kuma wanda ya hau babbar bas da yamma sau da yawa sai washegari yake sauka, ƙafafunsa a kumbure.

Sai dai awa ɗaya da rabin nan ba ita ce dukan tafiyar ba. Akwai zaman jira da binciken kaya, ga cunkoson motocin Legas bayan an sauka, kuma a lokacin hunturu hazo kan sa a ɗage tashin jirgi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai dilolin atamfa ya fi samun sauƙi a mota, tunda a jirgi duk kilon da ya wuce ƙa'ida sai an biya masa kuɗi. Mai ƙaramar jaka da alƙawarin ganawa da safe kuwa, a ganina, jirgi ya fi masa.