Sabuwar laftof mai araha ko tsohuwar ta ofis: amsa ga malamin da ya yi tambaya

Wani malamin makaranta a wannan zaure ya yi tambaya cewa kuɗin da ya tara za su iya saya masa ɗaya daga cikin biyu: sabuwar laftof a kwali mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron N4020, RAM (wurin riƙe ayyukan da ke buɗe) giga 4 da ma'ajiya giga 64, ko kuma tsohuwar ThinkPad T480 kwancen Turai. Aikinsa bai wuce rubuta jarrabawa a Word, haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, shiga intanet da taron Zoom jefi-jefi ba, kuma wuta ba ta zama a unguwarsu.

Malam, bari in fara da wutar, domin nan ne sabuwar take da abin tinƙaho. Kamfanin Intel ya ƙera N4020 a kan wat 6, alhali Core i5 ɗin ƙarni na 8 da aka fi samu a cikin T480 yana kan wat 15. Saboda haka ƙaramar ba ta cin batir sosai, ƙaramin sola ko inbata na iya ɗaukar cajinta ba tare da wahala ba, kuma da yawa daga cikin irinta ba su da fanka kwata-kwata, wanda ke nufin babu ƙara, babu kuma inda ƙurar hunturu za ta taru ta toshe. Batirinta sabo ne, ba wanda ya taɓa gajiyar da shi. Ita kuwa T480 ta fito ne a 2018, batirin da ya yi shekaru yana aiki a wani ofishi a ƙasar waje ba zai riƙe caji kamar da ba, ko da mai shago ya rantse maka.

Sai dai matsalar waccan sabuwar ba ƙarancin cin wuta ba ne, ƙuncin da aka yi mata a ciki ne. Giga 4 na RAM da giga 64 na ma'ajiya su ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, wato daƙyar ta tsallake sharaɗin. Windows da kansa zai mamaye babban kaso na ma'ajiyar tun kafin ka ajiye takarda ɗaya, kuma duk sabuntawar da ta zo sai ta nemi ƙarin wuri. Ma'ajiyar irin wadda ake kira eMMC ce, danginsu ɗaya da katin ajiyar waya, ba ta kai saurin SSD ba, wato ma'ajiyar kwamfuta mai sauri. Idan ka buɗe shafuka bakwai ko takwas a Chrome, ga Excel a gefe, sannan aka kira Zoom, za ka ga linzamin yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Abin da ya fi damuna shi ne a mafi yawansu an liƙe RAM ɗin a jikin allon injin, don haka ko kuɗi sun zo maka baɗi ba za ka iya ƙarawa ba.

T480 kuwa an yi ta ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa. Tana da gurbin RAM biyu da ke ɗaukar har giga 32, ana sauya SSD ɗinta, madannanta na da daɗin rubutu ga mai dogon aiki, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu a manyan kasuwannin kwamfuta irin na Ikeja. Batirinta na baya ana zare shi da hannu a sa sabo, kuma da yake ta USB-C take caji, fawa banki mai ƙarfin wat 45 zuwa 65 na iya ciyar da ita. Furosesarta, in dai ta ƙarni na 8 ce, tana cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, wanda ba ƙaramin abu ba ne tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan ne ma ya sa nake jan kunnenka game da tsofaffin da ke ƙasa da ƙarni na 8, duk arharsu.

A ganina, tsakanin waɗannan biyun ka ɗauki T480, amma ka ware kuɗin sabon batir a cikin lissafinka tun farko. Kafin ka biya, ka sa a buga umarnin powercfg /batteryreport, mai fitar da rahoton batir a Windows, a gabanka, ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage, sannan ka tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, da kalmar sirri ba, domin cire ta a wannan samfurin babban aiki ne.

Idan kuma zuciyarka ta fi kwanciya da sabuwa, ko wutar taku ta yi lalacewar da sai a kwana biyu ba a gan ta ba, to ka ƙara haƙuri ka nemi mai furosesa Intel N100. Ya fito a 2023, shi ma wat 6 ne, amma saurinsa ya ninka na N4020 kusan sau uku. Ka nace sai mai RAM giga 8 da SSD giga 256.