Python Crash Course: ka duba bugu kafin ka biya kuɗi

Na yi aiki da littafin nan na Eric Matthes, mai koyar da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, daga bango zuwa bango, kuma ga wanda bai taɓa rubuta kod ba, shi nake fara nuna masa. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama bugu na uku, na 2023. Kamfanin No Starch Press ya fitar da na farko a 2015, na biyu a 2019, duka da suna iri ɗaya, don haka ake yawan ɗaukar tsohon ba a sani ba, musamman kwafin da ke yawo a WhatsApp da Telegram. Buɗe shafin haƙƙin mallaka ka ga shekara tukuna.

Bambancin ba na ado ba ne. Bugun 2015 yana tafiya da Python 2 da 3 tare, alhali an daina kula da Python 2 tun Janairun 2020. A babin Django, manhajar gina shafukan intanet da Python, kuma yana amfani da url(), wadda aka cire a Django 4.0. Ɗalibi zai kwafi layin daidai harafi da harafi, kwamfuta ta ba shi saƙon kuskure na ImportError, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Bugun 2019 ya fi dama, sai dai babinsa na ƙarshe ya dogara da Heroku, dandalin ɗora shafi a intanet, wanda ya rufe tsarinsa na kyauta a Nuwambar 2022.

Babi 11 na farko su ne ƙarfin littafin. Yana farawa da ajiye bayani da jeri, ya wuce if, ƙamus, while, fankishin a babi na 8, kilas a na 9, fayil da kama kuskure a na 10, gwajin kod da pytest a na 11. Abin da ya fi burge ni shi ne marubucin yakan yi kuskure da gangan, ya nuna saƙon da Python ta bayar, ya koya maka karanta shi daga layin ƙarshe. Kowane sashe yana da ƴan atisaye gajeru. Ka buga su da hannunka, kada ka kwafa ka manna, domin a nan ne yatsu ke sabawa da tazarar gurbi huɗu da ake bari a farkon layi a Python. Wanda ya haɗa Tab da gurbi a fayil ɗaya zai gamu da TabError, gara ya gamu da shi da wuri.

Ga masu Windows, a sa alama a akwatin ƙara Python cikin PATH lokacin girkawa, in ba haka ba umarnin python ba zai amsa ba. A kuma tabbatar sigar ta kai 3.9, saboda removeprefix() da ke babi na 2 ba ta aiki a ƙasa da haka.

Kashi na biyu ayyuka uku ne: wasan harbin jiragen baƙin halittu na sararin samaniya da Pygame, zana jadawalin bayanai da Matplotlib da Plotly, sai shafin intanet da Django. A nan ne littafin ke tsufa da sauri, domin waɗannan ɗakunan kod, wato tarin kod da wasu suka rubuta don a yi amfani da shi, suna canzawa kullum. Pygame takan makara wajen dacewa da Python sabuwa fil, girkawa ta tsaya. Maganin shi ne a girka sigar Python da littafin ya ambata, ba wadda ta fito jiya ba, sannan a buɗe keɓantaccen muhalli da ita ta hanyar python -m venv. Babukan Django sun yi gudu da yawa a ganina. Mutum zai gama shafin yana aiki, amma bai fahimci rumbun bayanai ko HTML sosai ba.

Littafin da Turanci yake, mai sauƙi dai, kuma ya haura shafi 500. Kashi na farko ana iya lallaɓa shi a waya da Pydroid 3, manhajar rubuta Python a Android, amma ayyukan sai da kwamfuta. Wanda ya riga ya iya Java ko C zai ga tafiyar ta yi masa nawa, bayanan da ke shafin python.org sun ishe shi.