Na sayi kundin takardun afuwa na Haymarket, shafukan da nake nema babu su

Reshen ƙungiyarmu ta malamai ne ya ɗora mini gabatar da ƙasida a kan asalin Ranar Ma'aikata. Shi ya sa na sayi wannan kundin hotunan tsofaffin takardu a intanet, wanda aka tallata cewa ya tattaro koke-koken neman afuwa da aka kai wa gwamnonin jihar Illinois ta Amurka kan shari'ar Haymarket, wato shari'ar 'yan gwagwarmayar ma'aikata da aka tuhuma bayan tashin bam a wani gangami a dandalin Haymarket da ke Chicago, lamarin da ake dangantawa da asalin ranar. Da dala ake biyan kuɗinsa, sai da ƙanena ya ara mini katinsa.

Daren farko kam na yaba. Bayan bam ɗin da ya tashi a Chicago ranar 4 ga Mayu 1886, mutum bakwai aka yanke wa hukuncin kisa, Oscar Neebe kuma shekara 15. Sai ga roƙon Samuel Fielden da Michael Schwab a gabana, wanda Gwamna Richard Oglesby ya karɓa ranar 10 ga Nuwamba 1887, ya mayar musu da hukuncin ɗaurin rai da rai. Kashegari aka rataye mutum huɗu daga cikin sauran, har da Albert Parsons da ya ƙi roƙon sassauci domin ya ce bai yi laifi ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, ban rufe kwamfuta ba sai wajen ƙarfe biyu.

To amma ni bayanin Gwamna John Peter Altgeld na 26 ga Yuni 1893 ya kai ni, ranar da ya saki Fielden da Schwab da Neebe. Shi bai kafa hujja da tausayi ba. Cewa ya yi da gangan aka tsinto masu taya alƙali yanke hukunci, kuma alƙali Joseph Gary ya nuna son rai ƙarara. Daidai inda ya fara zayyano hujjojin nan, shafuka suka yi tsalle. Na duba sama, na duba ƙasa, babu.

Sau uku ina tura wa masu sayar da kundin saƙo, amsar ɗaya ce: in sake saukewa. Na sake, data ta ƙone, giɓin yana nan. Saura kwana biyu taro wata abokiyar aikina ta turo mini cikakken bayanin, ashe kyauta yake a intanet. Haba jama'a!

Da na yi niyyar ba su tauraro uku saboda koke-koken. Da na tuna har yau ban gama biyan ƙanena ba, biyu na danna.